Alamun Dawowa Guda Tara

Asabar, 4 ga wata, 5:40 na yamma

Yau dai Allah ya yi, Baba, mahaifin maiɗakina, ya zo ya ga wurin aikina. Shekara uku yana cewa yana nan tafe. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a ƙafa, kuma ba ya gajiya da faɗin cewa bai taɓa kuskure ƙofar gida ba. Tun da ya yi ritaya ya koma bin tsuntsaye, madubin hangen nesa a wuya, ɗan littafi a aljihu.

Ƙasan hanya kawai muka yi, daga ƙofar gandun daji zuwa inda ruwa ke faɗowa daga dutse. Mun ga cilakowa biyu a kan ɓaure, da rema sun jeru suna shan hantsi kamar tsofaffi a ƙofar gida. Baba ya tsaya wajen minti ashirin a kan wani tsuntsu mai ruwan toka wanda ni ko a kyauta ba zan kalla ba.

Ya tambaye ni aikin, na yi masa bayani. Ni da Yaya, babban wana, muke shafa alama a hanyar da ta hau har kogon zane. Farin layi, ja a ƙarƙashinsa, tsawon tafin hannu. Kowace alama tana da abokiya, ɗaya tana kallon mai hawa, ɗaya tana kallon mai saukowa, domin dutsen da ka gani kana hawa, in ka juyo wani dutse ne daban. Ya ce, "Ashe kai ma adireshi kake rubutawa, ɗana. Ni kuwa mai bin adireshi ne. In ka rubuta mini lamba, ko cikin rijiya ta nuna sai na shiga."

Da muka dawo ya ce wa 'yarsa a gabana, "Mijinki ya iya aiki." Ban taɓa jin ya yabi ko shayi ba. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Ran Talata zai hau kogo shi kaɗai, wai ba ya son mai surutu yana kore masa tsuntsaye.

Lahadi, 5 ga wata, 4 na yamma

Abin da ya rage ban shafa ba, ba wani abu ba ne. Daga falalen dutse zuwa tsamiya, alamun dawowa guda tara. Na hawa duk suna nan.

Watan jiya ne, lokacin da Yaya ya gurɗe ƙafa na yi sashen ni kaɗai. Ina juyowa zan shafa na saukowa sai na tarar da garken gwaggon biri a kan falalen, sun fi talatin, babban ya buɗe mini haƙora. Na ce a'a, ba da ni ba, gobe ma rana ce. Na sauko na sa hannu a takardar Manaja cewa sashen ya kammala, don in huta da bakinsa. Goben ba ta zo ba har yau.

Zan gaya wa Baba gobe: in ya iso falale da saukowa, ya riƙe hannun dama. Sawun da ya yi hagu na dabbobi ne, kwazazzabo ya nufa. Magana ɗaya ce.

Litinin, 6 ga wata, 7:30 na yamma

Mun ci abinci tare. Ya sake yabon aikina, wannan karon a gaban maƙwabcinmu. Na buɗe baki, na rufe. Da wane ido zan ce wa surukina na sa hannu a kan aikin da ban yi ba? Mutumin da yake gane tsuntsu daga ƙwanƙolin bishiya ai ba zai kasa gane hanya ba.

Gobe Manaja ya aike ni gari sayen fenti.

Talata, 7 ga wata, 7:15 na yamma

Bai dawo ba. Mai gadin ƙofa ya ce ƙarfe bakwai saura ya shiga.

Laraba, 8 ga wata, 6:50 na yamma

Mu goma sha ɗaya muka hau: ni, Yaya, Manaja, masu gadin daji shida, da yayyen maiɗakina biyu da suka iso da asuba.

A kogo akwai rajistar baƙi cikin akwatin ƙarfe. Baba ya sa hannu, ƙarfe sha ɗaya da minti goma, da rubutunsa mai tsafta. Har ya ƙara da cewa ya ƙirga shanu sha huɗu a zanen bango da mutum uku masu baka, kuma hanya ta yi kyau, a yaba wa masu alama. Manaja ya karanta da ƙarfi. Kowa ya juyo ya dube ni da tausayi.

Tunda ya kai kogo, aka ce a nema daga nan zuwa sama. Bayan kogon akwai kufai, ganuwar duwatsu ta mutanen dā da ta zube, da ramukan niƙa a jikin dutse, ruwan sama ya cika su. Manaja ya ce mai son kallo irin Baba dole ya leƙa can. Muka yini muna kira cikin kufai. Babu mai amsawa sai dutse, shi ma abin da ka faɗa yake maido maka.

Da saukowa Yaya ne a gaba. Na zuba masa ido da muka iso falale. Ko ɗaga kai bai yi ba, ƙafarsa ta san hanya, ya karkata dama, kowa ya bi bayansa. Mu da muke shafa alama mu ne ba ma kallonta. Mutum goma ban da ni suka ratsa wurin, babu wanda ya ga babu komai.

Alhamis, 9 ga wata, 1:20 na rana

Ina rubutu a gindin ganuwa, ana hutun cin abinci. Ungulaye huɗu suna kewaya, ba a kanmu ba, can ƙasa ta hagu. Ɗaya daga cikin masu gadi ya ce gada ce ta mutu, kullum haka suke.

Na ce wa Manaja, "Da an tura mutum biyu kwazazzabo."

Ya ce, "Me zai kai shi can? Hanya ce a shafe. Ba kai ka shafa ta ba?"

Na ce, "Ni ne."

"Ka gama ta?"

Babban wan maiɗakina yana tsaye da gorar ruwa a hannu, yana jira. Na ce, "Na gama."

Manaja ya ce to kada in raba masa mutane a banza.

Alhamis, 7 na yamma

Maiɗakina ba ta kuka. Ta wanke rigarsa da ya bari, ta goge, ta sake gogewa. Ta ce mini, "Baban yara, ka ci wani abu, ƙafarka duk ta kumbura." Na ci. Abin mamaki, ya shige.

Juma'a, 10 ga wata, 3 na yamma

Na ce musu cikina ya ɓaci, su yi gaba zan iske su. Da suka ɓace na sauka hagu daga falale, ni kaɗai.

In ka tsaya a wurin ka manta duk abin da ka sani, sawun hagu ya fi kama da hanya. Ya fi faɗi, ya fi sulɓi. Tamu ta dama ɗan tsagi ce tsakanin duwatsu biyu. Ko ni ne baƙo hagu zan bi.

Ƙasa akwai sanyi da duhun itatuwa, ga warin ganye ruɓaɓɓe. Babu kukan tsuntsu ko ɗaya. A laka na ga sawun kura, sabo, ruwa bai gama shiga ba. Na yi ta kira, "Baba! Baba!" har muryata ta dishe. Na yi tafiyar awa ɗaya da wani abu, na iso wani wuri da ƙasa ta zabtare, sai tsoro ya kama ni. Ba tsoron kura ba. Tsoron abin da zan gani, da abin da za a tambaye ni in na gani. Na juyo.

Gwangwanin fenti da buroshi suna cikin jakata tun jiya. Ban san lokacin da na sa su ba, ko in ce na sani. Guda tara, minti arba'in. Na ce wa kaina don kada wani ya sake ɓacewa ne. Gwaggon biran suna kan dutse suna kallona, yau ko haƙori ba su buɗe ba.

Asabar, 11 ga wata, 6 na safe

Jan fenti ya ƙi fita daga ƙarƙashin farcena.

Lahadi, 12 ga wata, 5 na yamma

An same shi, da ransa.

Masu ɗiban zuma biyu ne suka gan shi a bakin rafin kwazazzabo, ƙafa a karye, ya jingina da dutse, kwana biyar yana shan ruwan rafi da hularsa. Suka ɗauko shi a kan gadon sanduna. Na tambayi babbansu daidai ina ne. Ya ce ƙasa da inda ƙasa ta zabtare, tafiyar minti ashirin ba ta kai ba.

Yana asibiti. Ba ya magana, likita ya ce jikin ya bushe ƙwarai, a yi ta addu'a. Maiɗakina ta faɗo jikina a barandar asibiti, a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma a ƙasan murnar akwai wani abu da yake lissafin ranar da zai buɗe baki.

Talata, 14 ga wata, 6:30 na yamma

Na koma aiki. An ba ni baƙi shida in kai su kogo, malaman makaranta ne masu hutu. Sun yi ta ɗaukar hoto: shaho a kan busasshen reshe, ramukan niƙa, shanun bango. Wata ta tambaye ni me ya kori mutanen kufai. Na ce ba wanda ya sani, wata rana dai aka wayi gari ba kowa.

A falale wani mai gilashi ya ce, "Kai, wannan hanya ko makaho ba zai ɓata ba." Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Ungulayen suna nan, a wuri ɗaya. Ashe gadar gaskiya ce.

Alhamis, 16 ga wata, 2 na rana

Ni da Yaya muka hau gyaran igiyar riƙo. Da saukowa, a karon farko a rayuwarsa, ya tsaya a falale ɗaure takalmi. Ya ɗaga kai. Ya dubi alamar da ke gabansa, ya zagaya ya dubi abokiyarta ta hawa, wadda rana da ruwa suka ci wata guda. Ya goga babban yatsa a kan sabuwar, ya shinshina.

Ya ce, "Wannan fentin na Talata ne. Wanda ka sayo."

Ya sake duban alamar.

"Tsohon ya fi wannan duhu. Yaushe?"

"Juma'a."

Ya daɗe yana kallon sawun hagu. Ya ce, "Ranar da cikinka ya ɓaci." Sai ya ɗauki igiya ya wuce. Na bi bayansa har ƙofa. Da za mu rabu ya ce, "Ni ba zan faɗa ba, uwa ɗaya ta haife mu. Amma kada ka zo mini gida sai ka faɗa da bakinka."

Asabar, 18 ga wata, 7 na yamma

Baba ya yi magana. Farko ya nemi littafinsa na tsuntsaye. Na biyu ya ce, "Babu alama a falale. Na tsaya na duba, na koma baya na sake dubawa. Babu."

Ina bakin ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, yau ce ranar.

Babban wan maiɗakina ya ce gobe zai hau ya gani da idonsa, in gaskiya ne sai ya ga bayan ofishinmu.

Lahadi, 19 ga wata, 4:45 na yamma

Ya hau da Manaja. Ya dawo da hotuna tara a wayarsa, fari da ja, raɗau. Ya kama hannuna ya ce in yafe masa, jiya ya zarge ni a zuciyarsa.

Ya nuna wa Baba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Baba ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar. Ya ce, "To ai ba haka na gani ba." Muryar ba irin ta jiya ba ce.

Talata, 21 ga wata, 6 na yamma

Ya ƙara jawo wa kansa. Ya gaya musu ran Juma'a ya ji ana kiransa a kwazazzabo, muryata ce, ya amsa amma maƙogwaro ya bushe. Suka kalli juna. Kowa ya san ran Juma'a a sama aka yi nema. Ƙaramin wan ya ce a hankali, "Baba, mafarki ne."

Likita ya zo da takarda yana tambayarsa yau wace rana ce, ya ƙirga daga ɗari zuwa baya. Ya ci duka, amma likita ya ce abin kan fara da kaɗan kaɗan, a sa ido. A baranda yayyen suka yanke shawara: in an sallame shi zai koma gidan babban, ba fita shi kaɗai, ba daji, ba tsuntsaye. Maiɗakina ta ce, "Baban yara, kai ma ka sa baki, yana jin maganarka."

Na ce duk abin da suka yanke ya yi.

Na tsira. Ina rubuta kalmar ina kallonta. Manaja ma ya ce zai sa sunana a rahoto saboda ƙoƙarin da na yi a nema.

Laraba, 22 ga wata, 12 na rana

Ina kan falale. Babu biri, babu iska, ko ƙadangare babu. Alamun suna ta ƙyalli.

Alhamis, 23 ga wata, 6:20 na yamma

Na leƙa asibiti. Ya daina gardama. Nas ta tambaye shi ko ya sha maganin safe, ya ce, "Tambayi 'yata, ni yanzu ba a dogara da ni." Yana dariya ya faɗa. Wani tsuntsu ya sauka a taga, ya kalle shi, ya buɗe baki zai faɗi sunansa, sai ya fasa.

Ban iya zama ba. Na ce ana nemana a ofis.

Asabar, 25 ga wata, 5:30 na yamma

Gobe za a sallame shi. Da na shiga yau shi kaɗai ne, maiɗakina ta fita neman ruwan zafi. Ya nuna mini kujera.

Ya ce, "Ɗana, ka yafe mini. Na nemi in ɓata maka aiki a gaban mutane."

Na ce, "Haba Baba."

"A'a, bari in gama. Ƙafar nan ba ta dame ni ba, za ta ɗore ko ta ƙi. Kaina nake tsoro. Kwana biyar a ramin nan ban ji tsoro kamar na makon nan ba. In na rufe ido ina ganin falalen sarai, dutse fari fat ba komai a jikinsa. Ina jin muryarka. To in abin da nake gani sarai ƙarya ne, me ya rage mini?" Ya gyara bargo. "Su yaran nan hoto suka gani. Kai ne mai wurin. In ka ce suna nan ranar, na yarda, in bi su gida in zauna, ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Abin da kawai zan yi shi ne in gyaɗa kai. Har ya sauƙaƙa mini, ya kau da ido don kada in ji nauyi.

Na ce, "Babu su, Baba."

Ya juyo.

"Guda tara, daga falale zuwa tsamiya. Ban shafa ba, na sa hannu na ce na shafa. Na sani tun kafin ka hau, kunya ta hana ni faɗa maka. Ran Juma'a ni ne na kira ka. Na juyo kafin in iso, na hau na shafa su."

Keken magani ya wuce da ƙara a baranda. Na jira zagi, na ma so shi. Sai ya rufe ido, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye suka gangaro ta gefen kunnensa.

Ya ce, "Alhamdulillahi. Ashe da hankalina."

Sau uku ya faɗa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Ban san tun yaushe take tsaye a ƙofa ba. Ta shigo, ta ajiye fulas a kan durowa, ta haɗa masa shayi, ta ɗaga kansa ya sha. Da ya gama ta goge masa baki, ta ɗauki wayarta ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce, "Kira babban yayana. Ka faɗa masa yadda ka faɗa yanzu, kada ka rage ko ɗaya. In ka gama ka kira Manaja."

Na kira su. Yanzu ina gida, yara suna tambayata ina mamarsu. Ta ce a asibiti za ta kwana, gobe kuma za ta raka Baba gidansa, nasa na kansa. Ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba.